Gabas ɗin Habu

Tun da na dawo Dutse ba a bar ni na zura zare a allura cikin kwanciyar hankali ba. Da na buɗe rumfata a kasuwa sai a cika mini tabarma. Wannan ya ce, "Ilu, wai da gaske jirgin naku a ruwa yake kwana, a sama yake yini?" Wancan ya ce, "Wai mutanen can kifi suke ci har da karin kumallo?" Waɗannan ba su dame ni ba. Waɗanda suka dame ni su ne masu bi ta bayan rumfa suna nuna ni da baki, wai ga wanda ya binne ɗan Alaramma ya juya masa ƙeya ga alƙibla. A kan wannan magana Malam Jibrin, wan mamacin, ya hana ni taka zauren da na yi karatun allo a cikinsa, ya hana ni yi wa mahaifinsu ta'aziyya. To, zan faɗa sau ɗaya, a rubuce, daga farko har ƙarshe. Wanda ya yarda ya yarda. Wanda bai yarda ba, hanya tana nan, ba ni na toshe ta ba.

Ni maɗinki ne ɗan maɗinki. Habu kuwa ɗan Alaramman unguwarmu ne, tare aka yi mana shayi, tare aka sa mu allo. Shi ya sauke, ni na maƙale a izu goma har babana ya gaji ya ce in zo in riƙe allura. Daga baya shi ma Habun ya zo ya koyi ɗinki a gidanmu, don ya riƙa ɗinka hula yana tilawa. Da yaƙin Turawa ya yi zafi, labari ya zo ana neman maɗinka a Kano su ɗinka tantunan soja. Ni na zuga shi, wannan laifin ban taɓa musunsa ba. Alaramma bai so ba. Lokacin idonsa ya riga ya tafi, sai ya laluba ya kama hannuna, ya ce, "Iliyasu, kai ka zo ka ɗauke shi, kai za ka dawo mini da shi." Na ce, "Insha Allahu, Allah gafarta Malam." Da sauƙi na faɗa, kamar an aike ni sayen goro.

A ƙafa muka je Ringim don mu hau jirgin ƙasa. A bakin kogi Habu ya toge, ya ce shi ba zai shiga kwalekwale ba, sai da mai fito ya rantse masa ruwan bai wuce ƙirji ba. Duk da haka ido rufe ya haye, yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Na yi ta yi masa dariya har tasha. Da na san irin ruwan da ke jiranmu a gaba, da na adana dariyar.

Wata shida muna ɗinkin tanti a Kano. Ran nan wani Bature ya zo ya raba wa maɗinka ƙyallen farin yadi bibbiyu, ya ce kowa ya haɗa. Da aka gama ya bi ɗaya bayan ɗaya yana fizga da hannu biyu. Na kowa ya yage, ban da nawa da na Habu, don babana bai koya mana ɗinkin ha'inci ba. Ba a tambaye mu ko muna so ba, mu ma ba mu tambayi inda za a kai mu ba, muna tsammanin Kaduna ce. Sai ga mu a Ikko.

A Ikko aka nuna mana cewa mutum ba ya fita ƙasa haka kawai. Aka aske mu, aka auna mu kamar buhun gyaɗa, aka yi mana lamba a damtse, aka sa muka dangwala yatsu. Wani akawu ya buɗe gafakar Habu ya ga Alƙur'ani, zai kai hannu, Habu ya daka masa tsawar da ta sa alƙalami ya faɗi daga kunnensa. Wani kuma ya ɗauke almakashina, wai makami ne. Na ce to ya haɗa da ni ya ajiye, don ba ni da amfani in babu shi. Ya jefo mini.

Maganar jirgin ruwa ba ni son tuna ta. Mako nawa muka yi, ban sani ba, don rabin kwanakin a sunkuye na yi su ina ba teku abin da na ci. Abu ɗaya dai ba mu sake ba. Kullum da safe Habu zai duba inda rana ta fito, ya ce, "Ga gabas," mu shimfiɗa bargo mu yi salla. A Dutse ai ba mu da kalma biyu. Ka ce gabas, ka ce alƙibla, duk ɗaya ne. Mahauci gabas yake kallo ya yanka, liman gabas, mamaci gabas. Ba wanda ya taɓa gaya mana akwai inda waɗannan biyun suke rabuwa.

Aka sauke mu a wani babban tsibiri da ake ce wa Silon. A bakin tashar wani ma'aikaci ya kwance ƙunshin gorona na ƙarshe, ya shinshina, ya gutsura, ya tofar, sannan ya zubar da sauran a teku, wai ya lalace. Ban yafe masa ba har gobe. Nan aka damƙa mu ga wani Bature makaniki, gajere mai jan wuya, wanda ya taɓa aikin jirgin ƙasa a Zariya, yana da 'yar Hausarsa ta bariki. Kullum da sifana a aljihun baya, sai muka sa masa Mai Sifana. Ya kai mu bakin ruwa ya nuna da haɓa, ya ce, "Ga aiki naku."

Wani ƙaton kwalekwale ne na ƙarfe zaune a kan ruwa, an gicciya masa fiffike a gadon baya, da farfela biyu. Habu ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ai agwagwa ce." Shi ke nan suna ya bi ta. Ashe gefen fiffiken na baya da jelar duk yadi ne, ana ɗinka shi a kan ƙarfe, a shafa masa wani mai mai hawa kai, in ya bushe ya ɗame kamar fatar ganga. Gishirin teku da iska suna cin sa, yana yagewa, shi ya sa ake son maɗinka su riƙa bin ta. Aikin Agwagwa kuwa shi ne ta zaga ƙananan tsibirai, ta kai wasiƙu da magani da abinci ga sojojin da aka ajiye suna gadin teku.

Da kwalekwale ake kai mutum ya shiga ta. Ranar farko na ɗora ƙafa ɗaya a jikinta, kwalekwalen ya ja baya, na yi ta buɗewa har na faɗa tsundum, akwatin allura a ka. Aka tsamo ni aka sa mini wata rigar ruwa mai kumburi, ɗinkinta ko almakashi bai cancanta ba. Da aka ta da inji na ɗauka kunnena ya tafi ke nan. Ta fara gudu a kan ruwa, ruwa yana dukan cikinta kamar ana sussuka, can sai dukan ya ɗauke ɗif. Na leƙa ta taga, sai na ga kwalekwalen da ya yar da ni ya koma kamar ɓawon gyaɗa. Na kau da kai daga tagar. Habu mai tsoron kogin Ringim kuwa ya manna goshi a taga yana murmushi. Ya yi mini ihu a kunne, "Ilu, nan ai babu ruwa!"

Sunayen tsibiran harshena ya ƙi ɗauka, sai na sa musu nawa. Na farko Tsibirin Wuri. Da muka taka ƙasa na ga wuri zube a bakin ruwa, wurin nan dai da kakata take ɓoyewa a tukunya tana ba mu labarin darajarsa, ga shi nan kaji suna tona shi. Na cika hulata, mutane suka taru suna kallona kamar sabon mahaukaci, sai na zubar a hankali. Tsibirin duka bai kai daga Garu zuwa Takur a Dutse ba, kuma babu dutse ko ɗaya da ya wuce gwiwa. Mutumin Dutse a wurin nan ji yake kamar an kwance masa zani a kasuwa. Babu jaki, babu kare, babu gero. Maza kuwa zani suke ɗaurawa har ƙasa, liman ma da zaninsa. Habu ya ce kada in yi dariya, shi da ya fi ni ƙunshe ta.

Amma Musulmi ne, kuma masu karamci. Suka sauke mu a wani ɗaki na farin dutse mai huji-huji, da gado rataye da igiya yana lilo. Na ce yini guda ana jijjiga ni a sama, ba zan zo ƙasa kuma a ci gaba ba, na sauka na shimfiɗa bargona. Abinci shinkafa da kifi, gobe kifi da shinkafa, kuma komai da kwakwa a ciki, har ruwan sha. Barkononsu kaɗai ya yi mini kama da gida. Suna da wani abin taunawa a madadin goro, ƙwaya ce da ake naɗewa a ganye da farar ƙasa. Na karɓa don kunya, ƙasa ta juya da ni, na rungumi bishiyar kwakwa sai da abin ya sake ni.

Ranar Juma'a muka ji kiran salla, irin namu sak, har hawaye ya zo mini. Muka yi alwala muka shiga masallaci. Aka ta da iƙama, sai muka ga liman da jama'a duk sun fuskanci inda rana take faɗuwa. Habu ya kama hannuna.

"Ilu, ka ga abin da na gani?"

"Na gani. Ko liman ɗin ne ya rikice?"

"Gari guda ba ya rikicewa rana ɗaya. Waɗannan a ɓace suke tun kakanninsu. Juya."

Muka juya gabas a tsakiyar sahu. Sai ga mu ido da ido da mutanen sahun baya, hancina ya kusa taɓa na wani mai gemu. Shi ya yi ruku'u, ni na yi ruku'u, kawunanmu suka gwaru. Ba a zage mu ba. Bayan sallama wasu ƙarti biyu suka kama mu a kafaɗa, a hankali, suka juya mu yamma kamar ana juya tulu. Muka juyo. Suka sake juya mu. Habu ya yi musu Larabci, liman ya mayar masa da Larabci, kowa yana nuna nasa gefen yana cewa alƙibla. Daga ranar a bakin ruwa muke sallarmu mu biyu, muna jin mu kaɗai ne a kan daidai a duk tekun nan.

Tsibiri na biyu na sa masa Tsibirin Ƙaguwa, don a can wata ta shige takalmin Mai Sifana, ya zura ƙafa, muka ji zagin da bai koya a Zariya ba. Nan ma yamma suke kallo. Na uku ma haka. Na lura Habu ya rage magana. Yana da wata hula da ya faro tun Kano, ta mahaifinsa, ya gama kanta saura gefe, in babu aiki sai ya zauna a inuwar fiffike yana ɗinki. Ran nan ya ɗaga kai ya tambayi Mai Sifana, "Wai mun wuce Makka ne?"

Mai Sifana ya yi dariya. "Makka? Tun da daɗewa. Makka baya, can baya." Ya jawo taswira zai nuna.

Habu ya ture ta. "Ba Nasara ne zai koya mini alƙibla ba. Ubana gabas yake kallo, kakana gabas ya kalla har ya mutu." Amma na ga allurarsa ta tsaya, ta daɗe ba ta motsa ba.

Tsibiri na huɗu ban sa masa sunan wasa ba. Iska muka tarar, Agwagwa ta sauka da ƙarfi, igiyar ruwa ta mari jelar ta yage yadin kamu uku. Dole muka tsaya. A ranar zazzaɓi ya kama Habu. Wani tsoho da mutanen garin suke ce wa Haji, wanda ya taɓa zuwa Makka a jirgin ruwa mai filafilai, ya ɗauke shi ya kai ɗakinsa. Matarsa ta yi ta dafa ganyaye, Mai Sifana ya kawo kwinin, duk a banza. Ni ina kan jela da allura rabin yini, rabin yini ina gefensa. Kwana uku. Rana ta huɗu da hantsi ya buɗe ido ya gane ni sarai.

"Ilu."

"Na'am."

"In ta zo, ka sa ni gabas. Kada ka bari su yi yadda suka ga dama da ni."

"Haba, wace irin magana ce wannan? Kai da za ka ƙarasa hular Malam."

"Ka ji dai. Gabas."

Na ce na ji. Kafin azahar ya cika, kalmar shahada a bakinsa. Ban yi kuka a lokacin ba, don ba a ba ni sarari ba.

Matuƙin jirgin wani dogo ne da ba ya kallon fuskar baƙin mutum in yana magana. Ya aiko Mai Sifana ya ce iska ta kwanta, in gama ɗinki mu tashi kafin la'asar. Gawa kuwa a naɗe ta a bargo a sa a jirgi, in an koma Silon soja za su binne ta a maƙabartarsu. Na san maƙabartar, na taɓa wucewa. Layi ne kawai, kowa inda layi ya kai shi, babu ruwan kowa da inda fuska ta kalla. Na soke allurata a hula, na zauna a kan rairayi.

Mai Sifana ya ce, "Ilu, tashi. Kaftin fushi."

"Ya yi ta yi. Gaya mai sai na binne ɗan'uwana."

"Za a ɗaure kai. Wannan soja ne, ba kasuwa ba."

"A ɗaure. In an ɗaure ni, shi ya hau ya ɗinke. Ga allurar nan, in ba shi?"

Dogon ya zo da kansa ya tsaya a kaina yana ta faɗa da Turanci, jijiyar wuyansa ta fito. Ban ɗaga kai ba. Na san saura kamu guda a jelar nan, kuma duk tekun nan hannu ɗaya ne ya rage da zai iya rufe shi. Da ya gaji ya tafi. Na tashi na shiga jirgi, na ɗauko sauran farin yadin da ake faci da shi, na yanka likkafani a gabansu. Mai Sifana ya zo ya riƙe mini gefen yadin don iska.

Mutanen garin suka yi masa wanka yadda muke yi, ba bambanci. Suka ɗauke shi zuwa bayan masallaci, an riga an haƙa kabari. Da na duba sai na ga za su sa kansa arewa, fuska yamma. Na dira cikin ramin na tsaya, na ce wallahi sai dai a binne mu tare. Ina nuna mafitar rana ina ihu, "Gabas! Gabas!" kamar suna jin Hausa. Jama'a suka yi cirko-cirko da gawa a hannu.

Haji ya tsuguna a bakin kabarin. Bai yi mini gardama ba, ya ga Larabcina bai kai na gardama ba. Hular da Habu bai ƙarasa ba tana cuse a aljihuna, ya miƙa hannu ya zaro ta, ya shimfiɗa kanta a tafinsa. Duk maɗinki ya san kan hula: ɗigo ne a tsakiya, zare yana zuwa masa daga kowane gefe. Tsohon ya ɗora yatsa a ɗigon ya ce, "Makka." Ya taɓa baki ɗaya, ya nuna ƙirjina, ya bi zaren da farce har tsakiya. Sannan ya tsallaka ya taɓa ɗaya bakin, ya buga ƙasar da yake tsugune a kai, ya bi nasa zaren har tsakiya. Ya dube ni.

Shekara ashirin ina wannan ɗinki. Na sani sarai zaren da ya taso daga dama hagu yake nufa, wanda ya taso daga hagu dama yake nufa, kuma in ɗaya ya ce shi lallai sai ya bi hanyar ɗan'uwansa, fita zai yi daga hular. Mun wuce ɗigon tun a teku. Wata da watanni ni da Habu muna juya wa Ɗakin Allah baya, muna yi wa masu gaskiya kallon ɓatattu.

Amma wasiyya fa? Ya ce gabas, na ce na ji. Na tsaya a ramin nan ina tambayar kaina wane gabas yake nufi, na rana ko na salla. Habu bai taɓa bauta wa rana ba. Abin da yake tsoro shi ne a kwantar da shi ba ya kallon inda ubansa yake kallo. Na ɗaga hannu na ce su miƙo shi. Ni da kaina na karɓe shi, na kwantar da shi a ɓarin dama, kai arewa, na juya fuskarsa yamma. Ba Haji ba ne, ba Bature ba ne, ni ne. A nan kukan ya zo.

Da aka gama na tuɓe farar rigata na yanka, na rufe kamun da ya rage a jela. Haka na koma Silon ba riga, aka kulle ni kwana bakwai. Da na fito suka ci gaba da ba ni allura, don ba su da wani.

Bayan yaƙi aka maido mu ta hanyar da muka zo. Ban ko sauke kaya a gida ba na nufi gidan Alaramma da gafakar Habu. Labarin rasuwar ya riga ni da shekara. Malam Jibrin ya tare ni a ƙofa, ya karɓi gafakar, muka yi kuka tare. Sannan ya ce, "An dai yi mai sutura yadda ya kamata? Kun sa shi gabas?"

Da na ce i, da yanzu ina cikin mutuncina, ana nuna ni ana cewa ga amini. Babu wanda zai je ya tona. Na ce, "Yaya, alƙibla na sa shi. Amma a can alƙibla yamma take."

Fuskarsa ta canja. "Yamma? Iliyasu, zaman bariki ya kai ka nan? Ka ɗauke shi da rai, ka kasa dawo da shi, sannan gawar ma ka juya ta?" Na fara bayani, ya ce ba ya son jin karatun Nasara a ƙofar gidan ubansa. Ya ce kada in sake takowa, kada tsoho ya ji wannan ya haɗiyi zuciya. Kafin magariba duk unguwa ta ji.

Wata uku na haƙura. Ran wata Alhamis bayan la'asar na ce ya isa. Na ɗauki hular, wadda ban sa a gafaka ba, na tafi. Malam Jibrin yana bakin zaure, ya miƙe ya tare ƙofa.

"Ban ce kada ka zo ba?"

"Ka ce, Yaya. Amma ba kai ka ba ni amanar ba. Wanda ya ba ni shi zan mayar wa, in ya so ya tsine mini da bakinsa."

Daga ciki muka ji murya. "Wa ke nan? Muryar Iliyasu nake ji. Jibrin, matsa mai."

Alaramma yana zaune a kan buzunsa, fuska gabas kamar kullum, ya rame ƙwarai. Na durƙusa na yi gaisuwa, na yi ta'aziyya. Ya ce, "Na ji abin da ake faɗa. Suna tsammani makaho kurma ne. Faɗa mini da bakinka." Na sa masa hular a hannu. Ya shafa ta, ya gane ɗinkin ɗansa tun kafin in ce komai. Na kama yatsansa na ɗora a ɗigon, na yi masa yadda Haji ya yi mini, na ce nan Makka, nan Dutse, nan kuma inda Habu yake. Ya bi zaren na farko har tsakiya. Ya bi na biyu. Ya sake bi.

"A wane ɓari ka kwantar da shi?"

"Dama, Allah gafarta Malam."

"Fuskarsa a buɗe take ga ɗigon nan?"

"Da hannuna na juya ta."

Malam Jibrin ya ce, "Baba, amma ai littafi..."

"Littafi alƙibla ya ce, Jibrin. Mu ne muka ce gabas." Yatsansa yana kan hular. Can ya ɗaga fuskarsa ga bangon da yake kallo shekara da shekaru, ya ce a hankali, "Wato yanzu da nake zaunen nan, yana gabana ke nan. Yana kallona."

Na ce, "Da Ɗakin Allah a tsakaninku."

Hawaye ya bi gemunsa, bai share ba. Ya miƙo mini hular ya ce, "Ƙarasa ta." Kwana tara na yi a kanta, kuma duk mai ido zai ga inda hannun Habu ya tsaya nawa ya ɗora. Ita yake sawa yanzu in zai yi salla.

Malam Jibrin har yau ba ya amsa gaisuwata da kyau, masu bin bayan rumfa ma ba su daina ba. Su yi ta yi. Ban dawo da Habu ba, wannan zan mutu da shi. Amma duk mai son a juya shi gabas, ya je zauren nan ya durƙusa, ya gaya wa Alaramma yana so ɗansa ya juya masa ƙeya. Ni dai ba ni zan kai wannan saƙo ba.